Nama da Jijiya: Inda Ƙarfin Roba da Zare Yake

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina, wadda nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa. Tambayar kuwa ita ce: yaya ake yi abu biyu marasa ƙarfi su haɗu su haifi abu mai ƙarfi? Laka ita kaɗai, in ta bushe, tsagewa take yi. Ciyawa ita kaɗai, iska ma kwashe ta take yi. Amma in aka cuɗa su yadda ya kamata, sai ga katanga ta tashi, ta ga ɗa ta ga jika. Haka nan roba ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin kirki, zare kuwa, kome ƙarfinsa, ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Ga shi yau da roba da zare ake ƙera gangar jikin jirgin sama. Mai karatu zai ce, ai amsar a fili take, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne, sai dai karin maganar bai ce kome ba game da hannun da ya yi santsi. Hannu goma ma, in sun sha mai, jinkar a ƙasa za ta kwana. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙarfin irin waɗannan abubuwa yana daidai wurin da biyun suka kama juna, kuma wurin nan ido ba ya ganinsa.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da maganar roba da zare. Amsa ita ce, a bakin wani tsohon magini na ƙauyenmu, can wajen Kiyawa, na fara jin maganar, kafin in ji ta a bakin masu kimiyya. Zan zo kansa nan gaba. Amma bari in fara share fage, don mu san abin da muke magana a kai.

Masana suna da suna ɗaya da suke kiran duk wani abu da aka yi ta hanyar binne zare a cikin wani abu mai daskarewa. Ni dai a nan zan ari kalma biyu daga jikin ɗan'adam, in ce nama da jijiya. Robar ita ce nama: ita ke ba abin siffa, ta tattara zaren wuri ɗaya, ta kare shi daga rana da ruwa. Zaren shi ne jijiya: shi ke ɗaukar nauyi in an ja ko an lanƙwasa. A wajen 1920 wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith ya nuna cewa in aka ja gilashi ya zama siriri kamar gashi, ƙarfinsa yakan ninka sau da yawa, domin 'yan ƙananan tsage-tsagen da ke karya gilashin taga ba su samun wurin zama a cikin siririn zare. A 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka, ya shiga saƙa zaren gilashi don kasuwa. A 1963 kuma masu bincike a Farnborough ta Ingila suka fito da hanyar yin zaren kabon mai ƙarfin gaske. Jirgin saman nan Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne. Kuma kada a ɗauka sai zaren masu kuɗi ake sawa. A tsohuwar Jamus ta Gabas, daga 1957 zuwa 1991, an ƙera motoci fiye da miliyan uku masu suna Trabant, waɗanda aka yi jikinsu da tarkacen auduga da wata irin roba mai tauri.

To, yaya nauyi yake isa ga zaren? Nan ne gizo ke saƙa. In ka taka allon da aka yi da roba da zare, robar ƙafarka ta taka. Ita robar ce za ta miƙa nauyin ga zaren, kuma ba ta da wata ƙofa da za ta miƙa shi sai ta fatar zaren, watau daidai inda jikinta ya taɓa jikinsa. Wannan wuri shi nake kira mahaɗa. Ba ƙaramin fili ba ne. Ɗauki ɗan gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ba ta kowane gefe, wanda rabinsa zaren gilashi ne mai kaurin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Da za a feɗe fatar zaren da ke cikinsa a shimfiɗa, da ta rufe takardar fulskaf uku. Duk faɗin nan, ko dai robar ta kama zaren, ko kuwa tana kwance ne kurum a gefensa. In ta kama, nauyi ya wuce cikin jijiya, allo ya tsaya. In ba ta kama ba, zaren ya zama baƙo a cikin gida, kowane sili ya zama rami mai tsawo a cikin robar, har ma allon ya fi wanda ba a sa masa zare ba rauni.

Tsawon zaren ma da ruwansa a ciki. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san bambancin riƙe igiya da yatsa biyu da naɗe ta a hannu. Gajeren zare, in aka ja, sai ya zare jiki ya fita tun bai yi aikin da aka ɗauke shi ba. Dogon zare kuwa, saboda wurin riƙonsa da yawa, yakan tsaya har sai an kure ƙarfinsa ya tsinke. A 1965 wasu masana biyu, Kelly da Tyson, suka fitar da lissafin tsawon da zare yake bukata kafin ya yi amfani, lissafin kuwa ya nuna cewa gwargwadon kyan riƙo, gwargwadon gajartar zaren da zai wadatar. Saboda haka in abu ya karye, masana sukan sa bakin karayar a ƙarƙashin madubin ƙara girma su karanta shi kamar wasiƙa. In suka ga zaruruwa dogaye sun fito fes, babu ɗigon roba a jikinsu, ga ramuka a ɗaya ɓangaren, sun san riƙo bai yi ba. In suka ga gajerun zaruruwa tsinkakku, roba manne da su, sun san an kama.

Yanzu bari mu koma gida. Wanda ya san Dutse ya san duwatsun da suka ba garin sunansa, da itatuwan dabino da ke tsaitsaye a gindinsu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 aka mai da garin babban birni, bulo da siminti da kwano suka mamaye unguwanni. Amma da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Miga, za ka ga har yau ginin ƙasa ne rufin asirin talaka. A wani hutu aka ba mu aikin tattaro kalmomin wata sana'ar gargajiya, ni kuwa na zaɓi gini, domin ƙanen kakana magini ne, ya kuma tsufa a cikin sana'ar. Na same shi a inuwar zaure, na buɗe littafina, ya yi ta zubo mini kalmomi: birji, tubali, ramno, yaɓe, azara, indararo, makuba, laso. Da muka zo kan ramno, watau yankakkiyar ciyawar da ake zubawa a ƙasar gini, sai na ce, "Kaka, me ya sa kuke barin ƙasa ta yi kwanaki bayan kun kwaɓa ta? Ba ɓata lokaci ba ne?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, in an kawo maka amarya yau, yau ɗin take sanin inda ludayi yake? Ƙasa da ciyawa baƙin juna ne. Sai sun kwana tare, a taka su, a yayyafa ruwa, gobe a sake takawa, har ciyawar ta yi laushi ta saki jiki, ƙasar ta shige ta. Kafin nan duk abin da ka gina, aron katanga ka yi."

Sa'an nan ya aiki wani yaro ya kawo masa ɓaraguzai biyu. Ɗaya daga wani tsohon ɗaki ne da mahaifinsa ya gina, wanda aka rushe don a faɗaɗa gida. Ɗayan kuwa daga wata katanga ce da aka yi bara waccan, damina ɗaya ta kayar da ita. Ya miƙo mini, ya ce, "Ja ciyawar." Na kama silin da ya leƙo daga sabon ɓaraguzan, na ja, ya zamo ya fito sumul, da ƙyallinsa kamar yanzu aka yanko shi, ya bar ɗan rami. Na kama na tsohon, na ja, ya ƙi, na ƙara ƙarfi, ya tsinke a hannuna da ƙasa manne a jikinsa. Tsohon ya ce, "Ka gani? Waccan zama ta yi, wannan kuwa kamu ta yi." Ban taɓa jin wanda ya raba zama da kamu haka ba. Abin da masana ke dubawa da madubin ƙara girma, shi da yatsa biyu yake duba shi.

Ya ci gaba ya ba ni bayanin abin da ake kare gini da shi daga ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa ta, a kwaɓa ƙasar yaɓe ko ta daɓe da ruwanta. Laso kuwa shi ne simintin mutanen da, kuma haɗinsa abu uku ne. Akwai katsi, watau abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, wanda ake kwasowa a shanya, a ƙona, a daka. Akwai gashin jima, watau gashin da majema ke kankarewa daga fata. Sai kuma dafara, wadda ake daka saiwarta a jiƙa, ta ba da ruwa mai yauƙi. Katsi nama ne, gashi jijiya ne, yauƙin dafara kuwa shi ke sa kwaɓin ya bi jikin gashin ya lulluɓe shi. Da laso ake shafe rufin soro, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rinin kansu, kuma marigayi Philip Shea, masanin tarihin da ya koyar a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa irin rawar da laso ya taka wajen bunƙasar rini a ƙasar Kano. Ke nan tun kafin a kafa Owens-Corning, maginan ƙasar Hausa suna binne zare a cikin abu mai daskarewa, suna kuma kula da abin da zai sa biyun su kama juna.

In aka tattara abin da masu kimiyya suka gano, riƙo yana tsayuwa ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne jiƙawa. Dole robar, tun tana ruwa, ta malale a jikin zaren ta shiga kowane lungu. Dubi ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza, yadda yake dunƙulewa yana gangarawa ba tare da ya bar danshi ba, sa'an nan ka dubi ɗigon ruwa a kan tsumma. Robar da ta dunƙule kamar ruwan ganyen gwaza takan bar kumfar iska a jikin zare, kowace kumfa kuwa farkon tsaga ce. Na biyu shi ne kaushi. Kowa ya taɓa zama wurin mai facin keke ya ga yadda yake kankare tiyub sai ya yi fari kafin ya shafa sholisho. Da kankarewar nan yana cire datti da maiƙo, yana kuma haƙa 'yan ramukan da sholisho zai shiga ya kafe. Na uku, wanda ya fi sauran zurfi, shi ne dangantaka ta sinadari, watau ƙwayoyin robar su ƙulla da ƙwayoyin zaren. In babu dangantaka tsakaninsu, sai a nemo musu tafinta.

Labarin tafintan nan ya samo asali ne daga ruwa. Lokacin da aka fara haɗa zaren gilashi da roba a shekarun 1940, an lura cewa abin yana da ƙarfi in yana bushe, amma in ya daɗe a cikin danshi sai ƙarfin ya zube. Dalili kuwa, fatar gilashi ta fi son ruwa da roba, don haka ruwa yakan sulala ta mahaɗa ya raba su. Maganin da aka samo shi ne wani sinadari mai suna silen. Kowace ƙwayarsa tana da baki biyu: ɗaya yana jin harshen gilashi ya ƙulla da shi, ɗaya yana jin harshen roba ya ƙulla da ita. Edwin Plueddemann na kamfanin Dow Corning yana cikin waɗanda suka fi shahara a wannan bincike. Yau a masana'anta, da zarar zaren gilashi ya fito daga narkakken gilashi ake shafa masa ruwan da ke ɗauke da silen, tun kafin a naɗe shi. Shafin bai kai kaurin da ido zai gani ba, amma saboda shi ne kwale-kwalen zaren gilashi ke shekara da shekaru a cikin ruwa.

Da na koma makaranta na ba abokin ɗakina labarin ɓaraguzan nan biyu. Shi kimiyyar sinadarai yake karanta, aikinsa na ƙarshe kuwa a kan haɗa zaren rama da ledar ruwan sha ne, don a yi allo. Ya ce, "Malam, ai kakanka ya riga ni rubuta babi na huɗu." Ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado ya nuna mini gwajinsa. Allon farko ɗanyen zaren rama ya yayyanka ya zuba a narkakkiyar leda ya matse. A ido ba shi da laifi, sumul, har da sheƙi. Amma da ya karya shi, zaren ya zazzaro fes kamar ciyawar sabuwar katangar nan. Wanda ya bari a bokitin ruwa kuwa, bakinsa ya kumbura, fuskarsa ta yi ƙuraje. Ya bayyana mini dalili. Zaren tsiro, ko na rama ne ko na auduga, mafi yawansa selulos ne, selulos kuwa masoyin ruwa ne. Leda daga ɗanyen mai aka samo ta, halinta halin mai ne. Haɗa su kamar haɗa ruwa da man gyaɗa ne a kwalba. Bayan haka fatar ɗanyen zare tana da kakinta da ƙaronta masu hana kamu. In kuma danshi ya shiga, zaren ya kumbura ya ture robar, ya bushe ya motse, sai ga rata ta buɗe tsakaninsu.

Allo na biyu sai da ya jiƙa zaren na 'yan sa'o'i a ruwan soda irin ta masu sabulu, kashi biyar cikin ɗari, ya ɗauraye shi har santsin ya fita, ya busar da shi ƙarau kafin ya haɗa. Soda takan cinye kakin da ƙaron, ta bar fatar zaren da kaushi, watau aikin mai faci ke nan a cikin bokiti. Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1844 John Mercer ya gano yadda soda ke sauya halin zaren auduga. Wannan allon da aka karya shi, zaren da yawa tsinkewa suka yi, da leda a jikinsu. Amma ya gargaɗe ni cewa abin yana da iyaka: soda in ta yi yawa ko ta daɗe, zaren kansa take ci. Wuta ma haka, domin zaren tsiro yakan fara lalacewa in zafi ya kai wajen digiri 200, shi ya sa sai robobi masu saurin narkewa ake haɗa shi da su, irin ta ledar ruwa da ta buhun saƙa. Akwai kuma tafinta na wannan haɗi, wata roba ce da aka dasa wa sinadarin maleyik, ɗan kaɗan ake zubawa, bakinta ɗaya ya kama selulos, jelarta ta cakuɗe da robar. Da irin waɗannan dabaru kamfanonin mota a Jamus da Japan suka daɗe suna yin allon cikin ƙofar mota da zaren tsiro, har da na rama, ramar nan dai da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, muke tufka igiya da ɓawonta.

Kada mai karatu ya zaci duk yadda riƙo ya tsananta haka abin ke ƙara kyau. A 1964 Cook da Gordon suka nuna cewa ɗan sassauci a mahaɗa yana da amfani. In tsaga ta taso ta iso ga zare, mahaɗar ta ɗan saki, sai tsagar ta karkace ta bi tsawon zaren, ƙarfinta ya ƙare a hanya. In kuwa riƙon ya yi tsanani ƙwarai, tsagar takan ratsa nama da jijiya gaba ɗaya ba tare da ta tsaya ba. Gwada karya rake da karya farantin tangaran. Raken yakan yi ƙara, ya tsattsage, amma yana rataye da juna. Tangaran kuwa tas ɗaya ne. Katangar da ta ji ramno ma haka take, takan tsage ta yi gargaɗi kafin ta faɗi. Saboda haka gwanintar tana wurin samun matsakaicin riƙo. Sai dai haɗarin da ya fi yawa shi ne na rashin kamu. Ran 18 ga Yuni 2023 wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ganin ɓaraguzan Titanic, mutum biyar suka mutu. Gangar jikinsa da zaren kabon aka yi, shimfiɗa a kan shimfiɗa, kuma masu binciken hukumomin Amurka sun sami kumfar iska da wuraren da shimfiɗun suka rabu da juna. Zaren mai tsada ne, mai ƙarfi ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ya shafe mu mu mutanen Jigawa? Na farko, jijiyar tana ƙofar gidanmu. Muna noma rama. Jiharmu tana kan gaba wajen noman zoɓo, buhunansa suna cika kasuwar Maigatari, karan yakuwar kuwa, wanda ɓawonsa ke da zare irin na rama, yawanci a murhu yake ƙarewa. Ga kaba, ga buntun shinkafa tuli-tuli, ga ragar da ke naɗe da gindin rassan dabino, a garin da cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya ta kafa reshenta na binciken dabino. Naman ma yana nan, domin leda ta cika mana magudanai da gonaki, tana kashe mana awaki. Ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutse a 2011. Ba abin mamaki ba ne in an wayi gari matasa sun shiga narka leda suna zuba zare suna sayar da allon silin ko na kujera. Abin murna ne. Tsorona shi ne a ɗauki rabin ilmin a bar rabi: a zuba ɗanyen zare mai danshi, a narka leda a buɗaɗɗiyar ganga ana shaƙar hayaƙi mai cutarwa, a fito da abu mai sheƙi a rani, damina ta zo ta tona asiri. In haka ta faru, mutane ba za su ce ba a wanke zare ba ne, cewa za su yi kayan gida ba su da kyau, daga nan kuwa kasuwar ta mutu har ga masu yi da gaskiya.

Na biyu, ginin ƙasa. A daminar 2022 da ta 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a jihar nan, an yi asarar rayuka, kuma mafi yawan abin da ya faɗi ginin ƙasa ne. Gaskiya ita ce, katangar da ruwa ya kwanta a gindinta kwana da kwanaki babu ramnon da zai cece ta. Wannan magana ce ta magudanai da tushe da wurin da aka yi ginin. Amma akwai ɗakunan da ba ambaliya ke kayar da su ba, ruwan sama ne kurum, kuma a nan hannun magini yana ciki. Yau ƙasa akan kwaɓa ta da safe a ɗora da azahar. Ramno ya yi tsada domin dabbobi na bukatar ciyawar, itatuwan ɗorawa sun ragu, rijiyoyin rini da yawa sun mutu, katsi ya tafi tare da su. Mai gida yana sauri, magini ana biyansa da yini, kwanakin da ƙasa ke bukata kuwa babu mai ganinsu a jikin katanga ranar da aka gama. Sauri ya haifi nawa. Aikin da ake yi wa mahaɗa, ko a ramin ƙasa ko a bokitin soda, shi ne ya fi sauƙin tsallakewa, domin mai saye ba shi da idon da zai gan shi.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, na sashen kimiyya da na sashenmu, ba mai tsada ba ce. Duk wanda ya haɗa nama da jijiya, ya yi masa gwaji biyu kafin ya kai shi kasuwa ko gaban malami. Ya jefa gutsure a bokitin ruwa ya bar shi mako guda ko biyu. Sa'an nan ya karya shi ya dubi bakin karayar, ya ja zaren da yatsa biyu. Mai sayen allo da mai sa a yi masa katanga su ma suna iya neman a yi wannan gwaji a gabansu. Masu binciken zaren rama da na dabino kuma, zai yi kyau su riƙa zama da tsofaffin magina tun suna raye, su tambaye su kwana nawa ƙasa ke yi, wace ciyawa ce ta fi kamu, yaya ake gane dafara ta nuna, su kai amsoshin ɗakin gwaje-gwaje su auna. Mu masu littafi da biro mu raka su, domin kalmomin nan kowacce tana ɗauke da wata dabara, in ta ɓace da dabarar take ɓacewa. Ina fata wanda ya karanta wannan, in ya sake ganin abu ya karye, ko kujera ce ko katanga, zai tsuguna ya duba bakin karayar, ya ga ko zama aka yi ko kamu.